Mutanen da Baba Ya Tsayar

Daga Allah muka fito kuma gare shi za mu koma, Baba dai ya riga mu kama hanya. Da hantsi ya cika, a ɗakinsa na gidanmu da ke Ƙaura, bayan jinyar da ba ta daɗe ba, kafin azahar kuwa an kai shi makwancinsa. Na zauna rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don akwai abin da ya tsaya mini a maƙogwaro tun ranar, in ban amayar da shi ba ba zan samu sukuni ba.

Ban taɓa sanin Baba yana da jama'a haka ba. Mai hoto ne fa kawai, da ɗan shagonsa kusa da tashar jirgin ƙasa, ba sarauta, ba dukiya. Amma kafin la'asar tabarmin gidan sun ƙare, sai da aka aro na maƙwabta. Motocin Shinkafi suka sauke mutane, na Zurmi suka sauke, har daga Birnin Tsaba wasu suka taho bisa babura. Kusan duk wanda ya gama cewa Allah ya jiƙansa sai ya ɗora da, "Ai shi ya ɗauke ni." Wani dattijo daga Zurmi ya nemi a yi masa iso ya gaida Inna, mahaifiyarmu. Ya tsaya daga bakin zaure, ya zaro katin aikinsa daga aljihu yana nuna wa labule, kamar Inna za ta gani daga ciki.

"Wanga hoton shi ya yi mini, lokacin da anka yanke muna jiha. Da shi na samu aiki. Sai da ya sa na wanke fuska, ya ba ni aron hulatai, ya ce tawa ta karkace."

Ya faɗi haka, sai ya juya ya fita bai ƙarasa gaisuwar ba.

A cikin gida kuwa Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ce ta hana kowa zama lafiya. Ta yi kuka har ta gaji, sai kuma ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta ce ta tuna ranar da ya ɗauke ta za ta tafi aikin hajji, ya yi ta sa ta jan kujera, matsa nan, koma can, ɗaga haɓa, har ta ce masa, "Yaya, Makka za ni ko kuwa wurinka zan ƙare?" Matan da ke zaune suka yi dariya, sannan duk muka koma kuka tare.

Mutum ɗaya ne ban ga hawayensa ba, shi ne Yaya, babban wanmu. Yana karɓar gaisuwa, yana amsa addu'a, amma fuskarsa ta yi wani irin fari, abinci kuma ko kallonsa bai yi ba. Na ɗauka nauyin gida ne ya faɗo masa. Sai da aka yi sadakar uku, mutane suka ragu, ya kira ni ƙofar ɗakin Baba, ya nuna mini ƙarƙashin gado da baki.

"Adakar can, ƙona ta za a yi."

Adakar ƙarfe ce babba, kuma kowa a gidan ya san abin da ke ciki. Baba yana da wata ɗabi'a: duk hoton da ya ɗauka ya yi masa daɗi, sai ya wanke biyu, ya ba mai shi ɗaya, ya ajiye ɗaya. Tun yana saurayi yake yin haka. Fim ɗin da ake wanke hotunan daga jikinsa kuwa, wata damina rufin shago ya yi yoyo, ruwa ya lalata shi kaf. Saboda haka abin da ke cikin adakar nan shi ke nan, in ya tafi babu inda za a sake samo shi. Mutanen Ƙaura ne a ciki, da na Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke tsakani, da yawansu ma sun riga Baba tafiya.

Na ce, "Ƙonawa? Yaya, lafiyarka ƙalau kuwa?"

Bai yi fushi ba, da ma ya yi fushin da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi ya sha ji a wurin wa'azi cewa masu yin surar abu mai rai za a tsayar da su a ce su busa mata rai, kuma ba za su iya ba. Ya ce tun da aka sa Baba a rami bai runtsa ba, duk ya rufe ido sai ya ga adakar.

"Ubanmu ne ke kwance can shi kaɗai. Kina so mu bar mishi wanga kaya bisa kai?"

Ni duk gidanmu an san ni da baki, amma ranar wurin Inna na ruga. Tana zaune bisa tabarma cikin takaba, carbi a hannu. Ta saurare mu duka, sannan ta ce ba za a kunna wa fuskokin Musulmi wuta a gidanta ba, magana ta ƙare. Yaya ya fita. Da ya dawo washegari sai ga shi da biro shuɗi da 'yar rula ta 'yan makaranta. Ya ce ya yi tambaya, an gaya masa in aka raba kai da gangar jiki to sura ta tashi daga sura, kuma ko layi aka ja a wuya ya wadatar. Ba za a ƙona ba, za a ja wa kowa layi a wuya. Ya faɗi haka da sakin fuska, shi a ganinsa ya samo hanyar da za ta raba gardama.

Wanda bai san Baba ba zai ce ai layi ne kawai. To bari in gaya muku wane ne Baba.

Ni ban tashi da kyamara a hannu ba, Yaya ne ɗan shago tun yana ƙarami. Ni aure na yi, mijina ya rasu, na dawo gida. Ana cikin haka aka ƙaddamar da Shari'a, al'amura suka canza, maza suka daina kutsawa cikin taron mata ranar biki ko suna. Yaya kuma ya bar sana'ar, ya koma sayar da hatsi. Na zaci Baba zai yi ƙorafi, sai ya ce hakan ya yi daidai, shi da ma kunya yake ji in ya shiga tsakiyar matan mutane. Wata safiya kawai ya rataya mini kyamara a wuya ya ce in ɗauko mayafi, akwai suna a Shinkafi.

Yadda muke aikin abin dariya ne. Ni ina cikin gida da kyamara, shi yana zaure bisa kujera, bango tsakaninmu, yana ba da umarni da ƙarfi duk unguwa na ji.

"Ina rana take?"

"Tana bayansu, Baba."

"To juya su! So kike ki kawo mini baƙaƙen tukwane?"

Na juya su. Can sai in ji, "Mi ke bayan kan mai jego?"

"Ba komai, Baba."

"Ƙarya kike, babu wurin da ba komai. Duba da kyau."

Na sake leƙawa ta 'yar tagar kyamara, sai ga igiyar shanya can baya. Na gaya masa.

"Ina ta bi?"

"Daidai wuyanta."

"Subhanallahi! Za ki rataye ɗiyar mutane ranar sunan ɗanta? Duƙa ƙasa, ko ki hau turmi, ko a kwance igiyar!"

Matan gidan suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki, ni kuwa kunya kamar in nutse. Amma a hanyar dawowa, muna cikin mota, ya yi mini bayani a natse. Ya ce ido yana yi wa mutum alfarma, in kana duban wanda kake so ba ka ganin abin da ke bayansa, kyamara kuwa ba ta da kara, duk abin da ke wurin sai ta kwaso. Bishiyar da ke can nesa za ta tsiro daga tsakar kan mutum, falwayar lantarki ta fito masa ta kunne, bakin katanga ya ratsa masa maƙogwaro. Ya ce kafin in dubi fuska in fara duba baya. Kuma duk cikin kurakuran nan babu wanda ya tsana kamar layi ya bi ta wuyan mutum, ko igiya ce, ko waya, ko inda sama ta haɗu da ƙasa. Na sha ganin ya kwanta rubda ciki cikin ƙura, da farar rigarsa, don kawai ya saukar da wani layi daga wuyan wani zuwa ƙirjinsa.

A tsakar gida ya koya mini sauran, da tsinke a ƙasa. Ya zana gida mai kusurwa huɗu, ya raba shi uku a tsaye, uku a kwance, kamar ana raba gona tsakanin magada. Ya ce a kan layukan nan ake ajiye mutum, ba a dasa shi tsakiya kamar turke.

"Tsakiya ta fasfo ce. Fasfo na gwamnati ne, hoto namu ne."

Ya ce in mutum yana duban gabas, in bar masa fili ta gabas, kada in jingina hancinsa da bakin hoto, zai zama kamar an kulle shi. Mutane da yawa ba su gane wannan ba. Sai a kawo masa ƙara, wai ya tura su gefe ya cika rabin hoton da bango ko gona. Shi kuwa sai ya karɓa, ya rufe filin da tafin hannunsa ya ce, "To dubi yanzu. Ka ga numfashinka ya ɗauke?" Wasu su yarda, wasu su tafi suna gunaguni, bai damu ba.

In hoto ba zai ɗauki mutum duka ba, dole a yanke wani wuri, nan ma da dokarsa. Ba a yanke mutum a gwiwa, ko a wuyan hannu, ko a idon sawu. Cewa yake in yanka inda tela zai yanka, kada in sara inda mahauci ke sara. Yara kuwa, bai taɓa ɗaukar yaro yana tsaye a kansa ba. Sai ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da na yaron, ya ce yaro ba kaza ba ne da za a dube shi daga sama. Duk wandunansa gwiwa suke fara mutuwa, Inna ta yi mita har ta gaji ta bari. Ko da ƙafafunsa suka fara ciwo, sai an kama shi yake tashi, bai daina durƙuson ba.

Kada in yi ta yabo kamar ba mutum ba. Baba yana da taurin kai, Allah ya gafarta masa, in ya kafe ko a daka shi ba ya motsi. Akwai wani dillalin shanu a Moriki da ya aiko takanas a ɗauko shi. Mutumin ya fito da bijimansa, da sabon babur, da rediyo, da 'ya'yansa maza, ya tsaya a tsakiya yana so duk su fito a hoto guda. Baba ya duba ya ce ba za ta yiwu ba, hoto ɗaya magana ɗaya yake yi. Ya ce zai ɗauke shi da 'ya'yansa daban, bijimai daban. Mutumin ya ce shi haka yake so. Sai Baba, a gaban yaran mutumin da barorinsa, ya ce, "Alhaji, in an duba wa za a gani, kai ko sa?" Haba, ai sai wuri ya ɗauki zafi. Baba ya naɗe kayansa ya hau babur ya dawo ko ruwa bai sha ba. Inna ta ce masa, "Kai ke nan kullum kai ka san daidai. Mutum da shanunshi da fuskarshi, mi ya yi maka zafi?" Ya ce sunansa ne za a buga a bayan hoton. Shekaru suka shuɗe ba sa ga maciji da mutumin, kuma ni a ganina Baba ne ya fi laifi, don maganar ta yi kaifi. Duk da haka an ce mini ya zo gaisuwa, ya zauna can gefe ya yi addu'a ya tafi.

Amma mutumin da ya yi wa mai dukiya haka, shi ne kuma na ga ya yi wani abu a Zurmi da ba zan manta ba. Suna ne, mai jegon yarinya ce kyakkyawa, sai dai ƙyanda ta cinye mata ido ɗaya tun tana ƙarama. Ta ƙi fitowa, ta ce a ɗauki jaririn kawai. Na fita zaure na gaya wa Baba. Wannan karon bai ɗaga murya ba, ya jawo ni kusa ya yi ƙasa da ita. Ya ce in zaunar da ita a bakin ƙofar ɗaki inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya, in ba ta ɗanta, in ce ta dube shi, kada ta dube ni. Na ce wato in ɓoye idon. Ya ce, "A'a. Ba ɓoyewa za ki yi ba, zaɓa za ki yi. Kowa yana da gefen da uwarshi ke dubanshi ta nan, shi za ki nemo." Da aka wanko hoton daga Gusau, da kaina na kai mata. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni a hankali, wai da gaske haka take. Na ce haka kike. Da na gaya wa Baba sai ya kau da kai yana gyaran murya, wai ƙura ce ta shigar masa ido.

Maganar halacci kuwa, ba bayan ransa ta fara ba. Tun lokacin da Yaya ya bar shago ya same shi cikin ladabi ya ce yana jiye masa tsoro. Baba bai kore shi ba. Ya tafi wurin tsohon limamin unguwarmu ya tambaya, aka ce masa malamai sun saɓa, wasu sun hana, wasu sun ce hoton kyamara kamar abin da madubi ke nunawa ne. Ya dawo ya sauke duk hotunan da ke manne a bangon shago ya zuba su cikin adaka, ya daina ɗaukar mace sai da lulluɓi. Ya ce wa Yaya, "Ni ban ƙagi kowa ba. Allah ya yi su, ni dai na tsayar da su inda ya dace." Amma ni da nake yawo da shi na san maganar ba ta bar shi ba. Wani lokaci muna cikin mota sai kawai ya ce Allah dai ya sa muna kan daidai. Har ya kwanta jinya, har ya cika, bai ce a yi kaza da adakar ba. Da ya faɗa, da duk mun huta.

To wannan mutumin ne Yaya ya ɗauki adakarsa ya kai shago, ya zauna kullum da safe yana ja wa mutanensa layi a wuya. Na bi shi can ina huci, na yi niyyar in wanke shi tas. Na tarar da shi zaune bisa benci, hotuna a cinya. Sai ya ɗauki ɗaya, ya yi bisimilla, ya daidaita rula, ya ja a hankali, ya ajiye gefe. Hawaye na ɗiga daga gemunsa, yana kau da kai don kada su zuba a kan hoton. Ga limamai, ga 'yan makaranta, ga ma'aikatan jirgin ƙasa, ga mai jegon Zurmi da ɗanta, ita da jaririn duka an ja musu.

Na ce, "Yaya, mutumin da ya kwanta cikin ƙura don kada layi ya taɓa wuyan wani, shi kake yi wa haka?"

Ya ce, "Na sani. Na riga ki sani, ni ya fara koya wa. Kina zaton daɗi nike ji? Gara ya yi fushi da ni ya samu sauƙi."

Duk faɗan da na taho da shi sai ya zube. Na zauna a ƙasa na yi ta kuka, shi kuma ya ci gaba da ja.

Inna ce ta sake shiga tsakani. Ta sa aka kira mu, ta ce ta yi tunani, hotunan nan ba na ubanmu ba ne, ba namu ba ne, na masu fuskokin ne. A sanar a masallatai da tashar mota, duk mai ɗan'uwa a ciki ya zo ya ɗauki abinsa kafin sadakar arba'in. Yaya ya yarda, ya ce duk wanda ya bar hannunmu ya sauka daga kan Baba, amma waɗanda ba a zo nema ba zai ci gaba da ja musu. Lokacin kuwa ya riga ya ci kusan rabin adakar.

Mutane suka yi ta zuwa. Ni ke nemowa, Yaya na zaune gefe da bironsa. Wasu in sun ga layin sai su yi dariya, wasu su ce Yaya ya kyauta, haka ya dace, wasu su karɓa su tafi. Har na fara cewa a raina wataƙila ni ce na ɗauki abin da zafi.

Sai wata ranar da rana ta take, ga wata tsohuwa Bafillatana ta tsaya a ƙofar shago, ƙafafunta fari fat da ƙura, da ɗan ƙunshi a ka. Ta ce daga wajen Gurbin Bore take, a kasuwa ta ji sanarwa. Na ba ta ruwa ta sha, ta yi mana gaisuwa, sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Ɗanta take nema, shi kaɗai Allah ya bar mata har ya girma. Mai hoto ya taɓa ɗaukarsa a kasuwar Zurmi, da malfarsa da sandarsa. Ya rasu, nasu hoton kuma gara ta cinye shi tare da ƙwaryar da aka ajiye shi ciki. Ta ce yanzu in ta rufe ido tana ganin tsayinsa da tafiyarsa, amma fuskar ta fara ɓace mata.

Na fara da tarin da ba a taɓa ba, ina addu'a a zuci. Babu shi. Na koma ɗaya tarin, ban yi nisa ba sai ga shi. Saurayi dogo, sanda a kafaɗa, hannuwa rataye bisa sandar, yana tsaye a gefe yana duban wani abu can nesa, fili buɗe a gabansa. Aikin Baba ne sak. Ga kuma shuɗin layi ya ratsa wuyansa daga wannan gefe zuwa wancan. Na so in tura shi ƙasa in ce ban gani ba, amma ta riga ta miƙo hannu.

Ta kai shi nesa da ido, ta dawo da shi kusa. Bakinta na motsi, tana kiran wani suna da ban ji ba. Ta shafa malfar, ta shafa kumatun. Sai yatsanta ya tsaya a kan layin. Ta ɗauka datti ne. Kafin in ankara ta lashi babban yatsanta ta fara gogewa. Tawadar ta baje ta hau haɓarsa, fatar hoton ta fara saɓulewa. Na kama hannunta da sauri.

"Inna, bari! Za ki goge shi duka."

Ta dube ni, ta dubi hoton, sai yanzu ta gane da gangan aka yi.

"Wa ya yi mishi wanga? Shi zazzaɓi ya ɗauke shi, kanshi bisa ƙafata. Ba wanda ya taɓa wuyanshi."

Ni ban ma dubi inda Yaya yake ba. Sai na ji motsin benci. Ya sauko ya durƙusa a gabanta, babban mutum da gemunsa.

"Ni ne, Inna. Ubana nike jiye wa tsoro."

Ya yi mata bayani. Ban san iyakar abin da ta fahimta ba. Ta saurara har ya gama, ba ta zage shi ba, ba ta kuma ce ta yafe ba. Cewa ta yi ranar da aka ɗauki hoton ɗanta ya dawo ruga yana ta ba da labari, wai mai hoton ya tsaya ya gyara masa malfa da hannunsa, ya ce masa ɗan'uwa, alhali a kasuwa ba a saba kiransu haka ba. Ta ce ita ba ta yi karatu ba, abin da ta sani game da mai hoto ke nan. Ta kwance bakin zaninta ta naɗe hoton da layinsa da ɓacinsa duka, ta ce Allah ya jiƙan mai hoto, ta ɗora ƙunshinta a ka ta fita.

Yaya bai tashi daga durƙuson ba sai da ta ɓace. Biron yana ƙasa inda ya faɗi. Can ya ɗago ya dube ni, idanunsa jajir.

"To in ana tambayar shi fa? In an ce ya busa musu rai?"

Ban da amsa. Har yau da nake rubutun nan ban da ita, kuma ba zan yi ƙaryar ina da ita ba.

Bai sake jan layi ba. Ba don tsoron ya bar shi ba, yana nan tare da shi, na ga yadda ya rame. Kusan kullum sai ya je maƙabarta, kuma duk ranar kasuwa sai ya auni gero ya bayar da sunan Baba. Sauran hotunan suna cikin adaka yadda Baba ya bar su, wuyansu lafiya, ana zuwa ana ɗauka kaɗan-kaɗan. Ranar da ya mayar da adakar gida, ya tura ta ƙarƙashin gadon, na ji yana magana ƙasa-ƙasa. Abin da ya faɗa shi nake maimaitawa bayan kowace salla, don ban san wata addu'a da ta fi ta ba.

Ya Allah, Ka jiƙan Baba, Ka yalwata masa makwanci, Ka haskaka masa shi. Shi ya tafi, ba shi da sauran iko a kan adakar nan. Mu muka gani, mu muka bari da saninmu. In akwai tambaya a kanta, Ka yi masa sauƙi, mu Ka tambaye mu.